Aron Mota da Bakin Bindiga

Rannan ina tsakar gida ina shanyar shinkafa na jiyo samari a dakalin ƙofar gidanmu suna gardama, wai shin ɗan sanda ko soja yana da ikon ya tare mutum ya karɓi motarsa don aikin gwamnati. Wannan ya ce a fim ya gani, ɗan sanda ya nuna kati, mai mota ya fita salin-alin. Wancan ya ce sai dai in yaƙi ake yi. Ɗayan, mai karatu a Kano, yana ta barbaɗa musu Turanci. Duk cikinsu babu wanda ya mallaki ko tayar keke. Na ja tsaki na ci gaba da aikina, don ni an ba ni amsar wannan tambaya ina zaune a gaban mota, kuma har yau ba ta bar min wuya ba.

Motar ta ƙanena ce, autanmu, wanda har ya fara furfura Auta muke ce masa. Tsohuwar akori-kura ce, shuɗiya a da can, kafin rana da tsatsa su raba ta a tsakaninsu. Gilashin baya, wanda ke tsakanin direba da kaya, ya fashe tun kafin ya saye ta, bai kuma taɓa sa wani ba. Ya ce ta nan yake jin in kwando ya zame.

Akwai wani ƙauye can ƙarshen kanal ta wajen Bunkure, inda ruwan noman rani yake isa a gajiye bayan kowa ya sha. Mu ƙauyen ƙasa muke ce masa. Hanyarsa gefen kanal ce, siririya, duk ramuka, manyan motoci ba sa bin ta. Auta ne yake bi. Lokacin tumatir, mutanen can sukan tsinke tun da sassafe su jera kwanduna a inuwa, su rufe da ganye, kowa ya koma bakin aikinsa. In Auta ya iso ƙaramar gadar da ke bakin ƙauyen sai ya danna hon irin nasa, doguwa sannan gajeru a jere, kamar kukan zabuwa. Da an ji, mai fartanya zai yar da ita, mai ban-ruwa zai bar ruwan yana tafiya, kowa ya nufo gada. Ba sa ma bin sa kasuwa. Su loda masa, ya kai wa dillali a Kwanar Gafan, ya dawo wa kowa da abin da aka sayar masa. Mai naƙuda shi ke kai ta asibiti, gawa shi ke ɗauko ta. Mota kowa zai iya saya in Allah ya hore masa, amma abin da Auta yake ci da iyalinsa shi ne in ya danna hon mutane su fito.

A shekarar da nake ba da labari, wani mai hannu da shuni ya kama gona ƙatuwa a saman su. Ba zan ce komai a kansa ba, sai dai irin mutanen nan ne da suke zuwa gona da farar shadda. Rabon ruwa a kanal bi da bi ne, kowane yanki da ranarsa, kowa ya san haka. Shi kuwa sai ya sa aka jibge buhunan yashi a bakin magudanar da ke gangarawa ƙauyen ƙasa, ya kafa injin ban-ruwa yana zuƙa ba ranar kowa. Tumatir ɗin mutane ya fara zubar da fure. Suka kai kuka wajen wanda ya kamata, aka ce za a duba. Da dubawar ta ƙi ƙarewa, suka je da rana tsaka suka yaye buhunan, injin kuma ya tsinci kansa a cikin kanal. Mai farar shadda ya tafi caji ofis. Nan kam ba a ce masa za a duba ba.

Sai dai kama mutumin ƙauyen ƙasa ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba kwari, motar 'yan sanda tun daga nesa ake hango ta a gefen kanal. Sun je har sun gaji, kullum sai su tarar da tsofaffin mata da awaki.

Ranar da abin ya faru na roƙi Auta ya rage min hanya, zan je sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wajen wata aminiyata a can, don sana'ata ke nan, in turara shinkafa in kai inji in sayar. Ina gaba kusa da shi, bayan mota cike da kwanduna babu komai a ciki. Muna barin titi za mu hau gefen kanal sai ga shinge. Wani sajan mai tumbi, wanda maɓallin rigarsa ke neman agaji, ya ɗaga hannu. Auta ya tsaya ya laluba aljihu kamar yadda aka saba. Sajan bai ko kalli hannun ba.

"Direba, ƙauyen ƙasa za ka?"

"Can za ni, Yallaɓai, ɗaukar tumatir."

"Madalla. Za mu ari motarka."

Aro ya ce. Ni dai a gidanmu aka koya min cewa mai aro yakan yi sallama, kuma in an ce masa babu yakan tafi. Wannan mai aron yana magana yaransa suna hawa baya da bindigogi.

Auta ya nuna motarsu da ke fake a gindin dalbejiya. "Yallaɓai, ga taku can lafiya lau."

"Tamu an san ta."

"Tawa ma an san ta, Yallaɓai. Shi ya sa nake roƙon arziki."

Sajan ya jingina da ƙofa ya yi masa karatu. Wai doka ta ce duk ɗan ƙasa ya taimaki hukuma in ta nema, wanda ya ƙi kuwa ya hana jami'i aikinsa ke nan, kuma ya san inda ake kwana a kan wannan. Daga yanzu har su gama, in ji shi, motar ta gwamnati ce. Auta ya zare mukulli ya miƙa masa, ya ce to su tuƙa da kansu, shi zai jira a nan. Sajan ya yi dariya ya ce ai mota ba direbanta ba ta da amfani. Ni kuma na kama ƙofa zan sauka.

"Hajiya, yi zamanki," in ji shi. "Gara a gan ki a gaba."

A lokacin na gane abin da suke nufi. Ba ƙarfen suke so ba. Fuskar Auta suke so, da tawa a matsayin ƙari.

Suka kwanta a baya tsakanin kwanduna suka ja tamfol suka rufa. Ƙarti majiya ƙarfi, da kaki da komai, kwance cikin ruwan ruɓaɓɓen tumatir kamar kajin da za a kai kasuwa. Ina jin wani yana tari, wani yana zagin ramin hanya. Sajan ya kwanta daidai tagar da ba gilashi, bakin bindigarsa yana leƙowa kusa da kafaɗar Auta. Ba a ce za a harbe shi ba, gaskiya ɗaya ce. Amma ba a janye ta ba.

Da muka iso gada, Auta ya rage gudu ya wuce shiru. Na ji daɗi a raina, na ce ɗan uwata ya yi dabara. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin tamfol.

"An ce min kana da hon na musamman. Koma baya ka danna."

Wato har wannan an kai musu. Auta ya tsaya. Ya dube ni. Me zan ce masa? Yana da mata da 'ya'ya, ga ƙarfe a kafaɗa. Ya koma baya, ya danna.

Wallahi da gudu suka fito. Abin da ya fi ci min rai ke nan har gobe. Suna fitowa daga cikin masara da albasa suna ɗaga hannu, wasu da kwando a ka, suna yi masa tsiyar ya makara. Akwai wani dattijo da ƙauyen suka ɗora wa kula da rabon ruwa, mutum mai sanyin magana, shi ya fara isowa kamar kullum. Ya miƙo wa Auta goro ta taga, ya ce min, "A'a, yau har da Yaya? Sannu da hanya." Na cusa bakin mayafina a baki ina cizo.

Sai tamfol ya yaye.

Ba su tambayi sunan kowa ba. Wanda hannu ya kai kansa shi ne mai laifi. Suka kama dattijon, da ɗansa, da wasu da nauyin kwando ya hana su juyawa. Suka watsar da kwandunan Auta a gefen kanal don a sami wuri, suka zaunar da mutane a inda ake jera tumatir. Mata suna ihu, ruwa yana ta malala a gonakin da aka bari a buɗe. Duk tsawon hanyar komawa dattijon yana zaune daidai tagar nan, da ankwa a hannu, yana kallon ƙeyar Auta. Goronsa yana gaban mota yana gangarawa dama da hagu.

A ƙofar caji ofis sajan ya daki bonet da tafin hannu ya ce, "Gwamnati ta gode." Ko ɗigon mai ba a zuba masa ba. Tumatir ɗin da aka tsinke ranar kuwa a inuwa ya narke, don babu wanda ya koma kansa.

Bayan 'yan kwanaki dagaci ya shiga tsakani aka sako su. Dattijon ya fito yana jan ƙafa. Kafin nan magana ta riga ta zaga: Auta ya sayar da su, mai farar shadda ya biya shi, ai har yayarsa ya ɗauko don a saki jiki, kuma an ga tana rufe baki tana dariya. Ni ke nan. Na ji haushinsu, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya ɗauki gawar iyayenku bai taɓa cewa a biya shi ba, rana ɗaya ta isa ku mai da shi ɗan leƙen asiri? Amma in na tuna yadda suka fito da gudu suna dariya, sai haushin ya rasa wurin zama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Auta ya koma ranar ɗauka ta gaba, shi kaɗai. Da ya dawo bai shiga gidansa ba, nawa ya zo, ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Yaya, na danna a gada. Ina ganin mutane suna faɗawa cikin masara." Na zuba masa abinci bai taɓa ba. Daga baya muka ji sun koma fito da kaya a kan babura har bakin titi, rabi yana fashewa a hanya, sun gwammace haka.

Ni ba na iya zama da abu a ciki. Na shirya na tafi Kano wajen ɗan ƙanen mijina, lauya ne, yana da ofis mai sanyi har sai da na ja mayafi. Na kwashe labari na faɗa masa, na ce ya gaya min tsakani da Allah, suna da wannan ikon ko ba su da shi.

Ya gyara zama ya ce, "To, Inna, abin yana da fuska biyu." Tun daga nan na san na yi asarar kuɗin mota. Ya ce gaskiya ne doka tana son mutum ya taimaki jami'i in ya nemi taimako wajen kama mai gudu ko kashe fitina, amma taimako daidai hankali. Ya ce shi bai san inda aka rubuta cewa ɗan sanda ya ga motarka ya yi sha'awa ya ɗauka ba, balle ya tilasta maka ka zama tarko, kuma tsarin mulki ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi ba bisa doka ba, ba diyya. Ya ce ana iya rubuta ƙorafi, ana iya zuwa kotu.

Na ce, "In an je, me za a ba shi?"

Ya ce wataƙila kuɗin mai, da na wunin da ya rasa, in an yi sa'a har da ban-haƙuri.

Na ce, "Alƙali zai iya sa mutanen ƙauyen ƙasa su fito in ya danna hon?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye ta. Ya ce wannan kuma ba hurumin kotu ba ne. Sannan ya rage murya ya tuna min cewa ko an kai ƙara ko ba a kai ba, ta wannan shingen Auta zai riƙa wucewa kullum. To ka ji. Doka tana nan da kyanta a cikin littafi a Kano, an sa mata na'urar sanyi, ba ta taɓa bin gefen kanal ba. Da na dawo, wani maƙwabcinmu tsohon soja ya ji inda na je, ya ce ai mu gode wa Allah, su a zamaninsu ba sa ma cewa aro. Yana faɗa yana shafa gemu, shi a dole abin alfahari.

Da na ga boko ba shi da magani, sai na bi ta hanyarmu. Aminiyar nan tawa da nake sayen shanshera a wajenta matar dattijon ce. Na tafi a ƙafa daga bakin titi, don kada a ji ƙarar mota. Ta bar ni a tsaye a zaure har ƙafata ta yi sanyi kafin ta ce in shigo. Na yi kuka a gabanta, ni da ko a mutuwar mijina sai da aka yi gulmar bushewar idona. Na yi ta sintiri, daga ita zuwa limaminsu, daga liman zuwa dattijo, har aka yarda Auta ya zo ya rantse.

Ya zo ranar Juma'a, shi ma a ƙafa. Bayan an sallame ya yi alwala a gaban jama'a, liman ya ɗora masa Alƙur'ani, ya rantse bai san da zuwan 'yan sandan ba, ba a ba shi ko sisi ba, kuma da bindiga a kafaɗarsa ya danna hon. Ina daga bayan katanga wajen mata ina jin muryarsa tana karyewa. Sai dattijon ya ce, "Rantsuwa ba abin wasa ba ce, ɗana. Na ji. Gobe ka zo ka ɗauki nawa, ni da kaina zan bi ka kasuwa." Kowa ya fahimci maganar. In tsoho ya je ya dawo da zuciya ɗaya, sauran za su biyo.

Washegari Auta ya wanke motar nan kamar za a kai amarya. Bai danna komai a gada ba, a hankali ya gangara har bakin gonar. Mutane suna tsaye nesa-nesa suna kallo aka loda kwandunan tsoho. Tsoho ya shiga gaba. Ni na hau baya na zauna a kan buhun shansherata kusa da taga, don na rantse sai na ga ƙarshen abin da idona. A hanya har sun fara hira. Tsoho yana ba shi labarin tsutsar da ta addabi tumatir bana, Auta yana amsawa da sauri-sauri kamar sabon ango a gaban suruki. Na ce alhamdulillahi a raina.

Muka iso shinge. Motoci a jere, kowane direba ya zuro hannu ta taga, a karɓa, a ɗaga masa itace ya wuce. Abin da muke tsine wa kullum, ranar shi nake addu'a a yi mana. Auta ya riga ya nannaɗe tasa a tafin hannu. Layi ya zo kanmu, sai ga tumbin nan.

Fuskarsa ta washe. "A'a, direbanmu ne. Kofur, ɗaga masa, wannan namu ne."

Auta ya miƙa hannu. "Yallaɓai, ga na shan ruwa."

"Haba dai. Mu karɓi naka? Kai da ka yi mana aiki?"

"Don Allah ka karɓa, Yallaɓai."

"Ko kusa."

"Don girman Allah."

Sajan ya kama hannun Auta ya naɗe masa yatsu a kan kuɗin, ya tura shi cikin mota, irin yadda ake yi wa ɗan'uwa. Ya ce in irin wancan aikin ya sake tasowa za su neme shi. Bai ma gane tsohon da ke zaune a gefe ba, mutumin da ya sa wa ankwa da hannunsa. Har da sara wa Auta. Tun da uwata ta haife ni, ranar ce kaɗai na ga an miƙa a shinge an ƙi karɓa, kuma a kan ƙanena ta faɗa.

Muka wuce. Da muka yi ɗan nisa tsoho ya ce, "Direba, tsaya nan."

Auta ya ce, "Baba, wallahi..."

"Na sani. Tsaya nan."

Ya sauka yana jan ƙafar nan, ya zagayo baya ya fara sauke kwandunansa. Auta ya kama ɗaya zai taya shi, ya ce, "Bar shi, ɗana." Na yi magana, na yi rantsuwa, na tuna masa jiya. Ya dube ni ba tare da fushi ba ya ce, "Yaya, ko ni na yarda, me zan ce wa mutane in an tambaye ni yadda muka wuce shinge?" Ya jera kayansa a bakin titi, ba inuwa ba komai, ya zauna a kan dutse yana jiran wata motar.

Auta ya juya da mota. Dole ta shingen muka sake bi, don hanyar gida ta nan take, aka sake ɗaga mana itace tun kafin mu iso. Da muka zo gida bai kashe inji ba sai da ya buɗe bonet ya fizge wayar hon da hannunsa. Yanzu yashi yake ɗauka a wajen Kumbotso, inda babu wanda ya san shi, kuma in mutum ya tare masa hanya sai dai ya daki ƙofa da tafin hannu.